Kurakuran da masu koyon jita da bas a manhajar biya suka fi yi

Wata uku na yi ina biyan kuɗin wata manhajar koyon jita, maki na ta hawa, taurari na ta fitowa a sikirin, har na fara jin kaina, sai ranar da wani abokina da ke kaɗa bas a coci ya miƙo min jita yace to malam kaɗa mana wani abu ba waya. Hannuna ya tsaya cak. Ashe duk zaman nan launukan da ke gudu a sikirin nake bi, ba kiɗa na koya ba.

Wannan shine babban kuskuren, kuma kusan kowa na faɗawa. Manhajoji irin su Yousician, da kuma Rocksmith+ na kamfanin Ubisoft wanda ya fito a 2022, kunne garesu amma basu da ido. Abinda suke dubawa kawai sautin da ka buga daidai ne, kuma ya zo kan lokaci? Ko ka murɗe wuyan hannu, ko da yatsa ɗaya kake ta tsalle-tsalle, indai sautin ya fita zasu baka maki, kai kuma kana ta gina mugun sabo wanda cire shi sai an sha wuya. Maganin ba tsada: duk waƙar da ka ci, kifa wayar ka sake kaɗa ta da ka. In ta ƙi zuwa to baka iya ba tukunna, komai yawan taurarin. Sannan ko sau ɗaya a sati ka jingina waya ka ɗauki bidiyon hannunka, zaka ga abin kunya da idonka, ni dai ɗan ƙaramin yatsana na gani a miƙe sama kamar eriyar rediyo.

Sai saitin tsirkiya. Mutum zai ɗauko jita daga bayan ƙofa ya hau darasi kai tsaye, manhaja tana ta cewa ya yi kuskure yana ta zaginta, alhali jitar ce ta sauka. Jita mai tsirkiya 6 saitinta E A D G B E ne daga mai kauri zuwa siririya, bas mai 4 kuma E A D G. Kullum ka saita kafin ka fara, manhajar saiti ta GuitarTuna ma ta isa. Sabuwar tsirkiya takan yi ta saki kwanakin farko, da hunturu kuwa katako na bushewa saiti ya riƙa gudu, don haka kar ka bar jitar a rana ko cikin mota.

Maganar iyafis ma na cin mutane. Na bulutut yana da ɗan jinkiri, sautin sai ya makara kafin ya iso kunnenka, kaga kenan kullum kana bayan kiɗa kuma bazaka gane dalili ba. Nemi mai waya. In kuma ka saki sifika, makirfon wayar zai haɗa kiɗan manhajar da naka, ga fanka ga janareton maƙwabta, sai ta rikice. Masu bas sun fi shan wannan wahalar saboda sautin tsirkiyar E ɗinsu mai kauri ne sosai, can ƙasa yake, wajen 41 Hz a ma'aunin sauti, ƙaramin makirfon waya baya kama ta sosai. In da hali a jona da kebul, shi yasa tun Rocksmith na farko a 2011 suka zo da kebul ɗinsu mai shiga USB.

Yatsu kuwa, a bayan ƙarfen firet, wato ƙananan ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita, ake dannawa, dab da shi, ba a kansa ba kuma ba can nesa ba. Yanke farcen hannun da kake dannawa dashi. Zafi dole ne a makonnin farko har yatsu su yi kanta, amma in kana matsewa kamar mai tatsar lemo kuma sautin na zizara, duba ko tsirkiyar ta yi nisa da wuyan jitar, jita mai araha da yawa haka suke zuwa, kai wa mai gyara ya sauke ta. Mutane nawa suka ajiye jita a kan kod ɗin F (kod shine danna tsirkiya da yawa a buga su tare) suna zaton su ne basu da baiwa. Kuma minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar, wannan na gwada duka biyun.

Gaggawa ma kuskure ce. Manhajojin nan suna da wajen rage gudun waƙa da maimaita gaɓa ɗaya, amma girman kai baya barin mutum ya taɓa shi. Rage zuwa rabi, sai ta fita tsaf sau biyar a jere sannan ka ƙara. Ɗan bas kuma ya sa kunne kan ganga, ya koyi kashe tsirkiyar da baya bugawa, don manhaja zata iya yafe maka gurnanin nan amma mai ganga bazai yafe ba.

To sai kuɗi. Gwajin kyauta ɗin nan in ya ƙare da kansa yake zarcewa ya ciri kuɗi, kuma goge manhaja daga waya baya soke rajista, sai ka shiga Google Play ko App Store ka soke da hannunka. Ni sai alat na gani da asuba. Kar ka biya na shekara don an ce ya fi sauƙi, biya wata ɗaya ka ga ko zaka jure, kuma ka leƙa jerin waƙoƙinsu tukunna, yawanci na Turawa ne. In salon jitar Agadas ne ya ja ka, manhaja zata baka riƙo da kod da lokaci, sauran kuwa da kunne zaka ɗauka, ka maimaita gaɓa ɗaya sau ashirin har ta zauna. Wanda aljihu bai kai ba ya fara da darussan shafin JustinGuitar na kyauta a intanet, kuɗin watan ya sayi sabuwar tsirkiya da iyafis mai waya.