Yadda ake kafa filin gwajin dashen mangurof a bakin teku

Ɗalibin da zai tashi daga Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, zuwa Neja Delta don binciken farfaɗo da dajin mangurof (bishiyoyin da ke tsira a lakar bakin teku), ya ajiye abin da ya sani na dashen darbejiya a gefe. A Zariya damina ake jira. A can kuwa teku na cika ya janye sau biyu a rana, kuma rayuwar dashe a hannunsa take.

Kafin a dasa ko ɗaya, a kafa gora mai alamar santimita cikin laka, a riƙa rubuta tsayin ruwa da daɗewarsa har sati biyu aƙalla, domin a riski babbar cikar da ke zuwa da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Mangurof na son wurin da ruwa ke rufewa kamar sulusin lokaci ko ƙasa da haka. Idan filin ya fi haka kwari, saiwa ba ta samun iska, sai dashe ya ruɓe. Yawancin asara daga nan take.

Sannan a binciko abin da ya kashe dajin. Ɗanyen mai ne, irin wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya bayyana a ƙasar Ogoni? Titi ne ya toshe magudana? Ko kwakwar nipa, da aka shigo da ita Kalaba a 1906, ta mamaye? In magudana ce, a buɗe ta kawai, sau da yawa ruwa kan kawo iri da kansa.

Nau'in mangurof mai suna Rhizophora racemosa a bakin rafi ake sa shi, nau'in Avicennia germinans kuma can baya inda ƙasa ta ɗan ɗaga. Irin Rhizophora dogo ne kamar fensir, yana tsira tun yana kan uwa. A zaɓi wanda ke cirewa cikin sauƙi, a soka sulusinsa cikin laka, tazarar mita 1 zuwa 1.5. Inda ƙaguwa ta yi yawa, a fara renonsa cikin leda wata uku zuwa huɗu, har ya yi ganye huɗu zuwa shida.

A yanka filaye masu mita 10 sau 10 iri uku: wanda aka dasa, wanda aka gyara wa ruwa kaɗai, da daji mai lafiya don kwatance. Kowanne a maimaita shi sau uku. Fili ɗaya ba bincike ba ne. Duk wata uku a ƙirga masu rai, a auna tsayi da gishirin ruwan laka. Na teku kusan giram 35 ne a lita.

Tunda teku na ƙara hawa, don a ga ko laka ma na ƙara tudu, a shimfiɗa farar ƙasa a fili mai santimita 50 sau 50, bayan shekara a yanka a auna kaurin lakar da ta taru a kanta. Samfurin laka na auna kabon (sinadarin carbon) kuma a haƙo shi har zurfin mita 1, a zuba cikin kula mai ƙanƙara saboda doguwar tafiya zuwa Zariya, a busar da shi a zafin digiri 60 har nauyinsa ya daina sauka.