Yadda Ake Auna Gardamar Wanda Ya Rubuta Wasannin Shakespeare

Wani zai ce maka Shakespeare, ɗan mai ɗinkin safar hannu daga garin Stratford na Ingila, wanda bai taka jami'a ba, ba zai iya rubuta wasan kwaikwayon Hamlet ba. Kafin ka gaskata ko ka musa, bi waɗannan matakai.

Da farko, tambaye shi wa yake son ɗorawa a kujerar. Sunaye uku ne suka fi yawo: Francis Bacon, masanin falsafa, wanda Delia Bacon ta tallata a littafinta na 1857 (ba 'yan uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya), da Edward de Vere, basaraken Oxford, wanda J. Thomas Looney ya fito da shi a 1920, sai Christopher Marlowe, marubucin wasannin kwaikwayo.

Na biyu, ɗauko kalanda, don a nan ne ƙafa ke zamewa. An kashe Marlowe a Deptford a 1593. De Vere ya mutu a 1604. Wasan Shakespeare mai suna The Tempest kuwa, a ganin galibin masana, ya ɗebo daga labarin jirgin ruwan Sea Venture da ya tarwatse a Bermuda a 1609. Yaya mamaci zai ji labarin abin da ya faru shekara biyar da binne shi? Magoya bayan de Vere sukan ce ai ya bar rubutun, wasu suka ƙarasa. Na Marlowe kuma su ce mutuwar ƙarya ya yi. Ka lura, kowace amsa sai an tokare ta da wani sabon zato.

Na uku, nemi shaidun zamaninsa. A 1598 wani marubuci, Francis Meres, ya jero wasanni goma sha biyu da sunan Shakespeare, ya kuma ambaci basaraken Oxford a matsayin wani marubuci daban. A wasiyyarsa ta 1616, Shakespeare ya bar wa abokan aikinsa Burbage da Heminges da Condell kuɗin sayen zoben tunawa da shi. Biyun ƙarshen nan ne suka tattara wasanninsa 36 a 1623.

Idan aka ce babu sunansa a rajistar makaranta, ka ce rajistar Stratford ta lokacin ta ɓace ɗungurungum, ba tasa kaɗai ba.

Daga nan sai ka raba gardamar ɓoyayyen marubuci da batun haɗin gwiwa, wanda a kansa ne malamai ke ja-in-ja da gaske. Shakespeare ya rubuta wasan Henry VIII tare da wani marubucin, John Fletcher. A 2016 ma bugun maɗaba'ar Jami'ar Oxford ya sanya sunan Marlowe kusa da nasa a kan wasannin Henry VI, bayan an sa kwamfuta ta ƙirga ƙananan kalmomin da kowannensu ya saba amfani da su, kuma har yanzu akwai masanan da ba su yarda ba.