Daga Kano zuwa Potiskum da 'ya'ya uku: abin da hanya ta koya mini

Duk Sallah sai na kwashi yarana mun tafi gida Potiskum. Babbar tana da shekara 7, na tsakiya 4, auta kuwa yana baya. Babansu ba kullum yake samun binmu ba, don haka ni ce uwa, ni ce kwandasta. Tafiyar ta kai kilomita 300, ta Wudil da Azare, kuma na sha wuyarta kafin na gane kanta.

Ki biya kuɗin kujera. Da wannan zan fara, domin a nan yawancinmu muke cutar kanmu. Shekarun baya kujera ɗaya nake biya, in ɗora biyu a cinya, ɗaya a baya, wai ina tattali. Kafin mu kai Wudil ƙafata ta yi tsami, yaran sun fara rikici, matar da ke kusa da ni tana ta tsaki. Yanzu kujera biyu nake kamawa, wani lokaci uku idan da hali, kuma a layin tsakiya kusa da taga. Can baya ya fi jijjiga, shi ke tayar musu da zuciya. Gaba kuwa ba wurin yaro ba ne, ko da direba ya ce "Hajiya kawo shi nan ya zauna". Hukumar kiyaye haɗurra ma cewa take yi yaron da bai kai shekara 12 ba a baya zai zauna, kuma tana da gaskiya, birki ɗaya ya isa ya buga shi da gilashi.

Ki kama motar farko. Daga sallar asuba muke fita, yara na magagin barci, kafin su wartsake sosai mun ci rabin hanya, rana ba ta buɗe ba. Motar azahar da yara azaba ce, musamman a watan Afrilu.

Sai maganar ciki, wadda ita ce ke mulkin tafiyar gaba ɗaya. Kada ki cika musu ciki kafin a tashi, kada kuma su fita da yunwa. Kunu kaɗan da ɗan burodi ya wadatar. Akwai shekarar da na bari na tsakiyan ya sha fura da nono a tasha, ya ɗora da awara mai yaji. Mun wuce Wudil kaɗan ya ce, "Umma, cikina." Ban gama buɗe jaka ba ya kelaya shi a jikin shaddar wani dattijo da ke gabanmu. Bawan Allah ya juyo ya ce, "Ba komai 'yata, mu ma mun haifa," amma ni har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Tun daga ranar baƙar leda ba ta zama a cikin jaka, a hannuna take. Yaron da mota ke juya wa kai, a sa shi ya riƙa kallon hanya ta gilashin gaba, a sauke taga kaɗan iska ta shigo. Ba shi waya ya yi kallo ƙara masa jiri yake yi.

Guzurina daga gida nake haɗa shi: dabino, biskit, dafaffen ƙwai, ayaba, da ruwa a gora. Abin da ake miƙowa ta taga ba na saya wa yara sai mai ɓawo, irin lemo ko gyaɗa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai ya ishe shi, ba ya buƙatar ruwa komai zafin gari, ke ce dai za ki yawaita sha.

Jaka biyu nake yi. Babba ta tafi but, ƙarama tana kan ƙafata. A ƙaramar akwai kayan canji ɗaiɗai na kowa, har da hijabina, famfas, tsumma, sabulu, buta ƙarama, zani na shimfiɗa, farasitamol na yara, da ƙullin ORS biyu, wato garin gishiri da sukari na gudawa. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake haɗawa, in ya kai awa 24 a zubar a sake sabo. Lokacin hunturu a ƙara hula, safa da man kaɗanya.

Wani abu da nake gani yana ɓata mini rai: uwa ta ɗura wa yaro maganin mura don ya yi barci a hanya. Ba ciwo yake yi ba, kin sa masa magani, kuma barcin nan mai nauyi zai hana ki gane ko zafi ya galabaitar da shi. Gara ya yi ta surutu. Ni tatsuniya nake yi musu, ko mu yi gasar ƙirga tireloli, babbar kuma ita ke karanta mana sunan kowane gari a allo.

Fitsari kuwa, ki yi wa direba magana tun a tasha, da ladabi: "Malam direba, ina da yara, in na roƙa a taimaka a tsaya." Wanda aka gaya wa tun farko ba ya cika yin gardama. Duk inda aka tsaya, a Azare ko a gidan mai, kowa ya sauka ya yi, har wanda ya rantse ba ya ji, domin shi ne zai fara kuka bayan minti goma. Ki sauke su ta gefen da ba titi ba. Kuma ko ruwa za ki sayo, kada ki bar yaro a rufaffiyar mota cikin rana.

A tasha hannunsu yana cikin nawa. Babbar ta haddace lambar wayata, na tsakiyan kuma na rubuta masa a takarda na sa a aljihu, na ja masa kunne cewa in bai gan ni ba ya tsaya inda yake, kada ya bi kowa.

Idan mun isa, gaisuwa ta jira. Wanka nake fara yi musu, su ci tuwon Hajiya, sannan in ɗaura gidan sauron da na taho da shi daga Kano, don na gidanmu kullum sai an ce wani baƙo ya ara bai dawo da shi ba.