Yadda za ka bi sawun soriyasis da amosanin gaɓɓai a danginku

A gidanmu soriyasis, ciwon fata mai sa ɓawo, fuska biyu ya fito da ita. Mahaifiyata fata ya kama mata, ɓawo mai kauri a gwiwa da fatar kai. Yayata kuwa yatsu ne suka kumbure mata, ga taurin ƙugu da asuba. Cuta ɗaya ce: garkuwar jiki ke juyowa kan fata, a wasu kuma ta sauka har gaɓɓai. Kusan ɗaya cikin ukun masu soriyasis na iya kaiwa ga amosanin gaɓɓai, galibi bayan kamar shekara 10 da fitowar na fata.

Ka fara da tambayar dangi, ka rubuta. Iyaye da waɗanda kuke ciki ɗaya tukuna, sannan kakanni, baffanni, kawunnai, gwaggonni da innoni. Kada ka tambaya da sunan cutar, don ba kowa aka taɓa faɗa wa ba. Ce musu: wa ya yi amosanin ka da ya ƙi jin magani? Wa faratansa suka yi ƙananan ramuka ko suke ɗagowa daga nama? Wa ɗan yatsansa ɗaya ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe? Wa ke kuka da dunduniya, ko bayansa ke ƙagewa da safe sai ya motsa ya sake? Ka rubuta shekarun da abin ya fara, domin wanda ya fito kafin shekara 40 ya fi alaƙa da gado. Ka tambaya a natse. Wasu ɓoyewa suke yi don tsoron a ce kuturta ce, alhali ba ita ba ce, kuma ba a ɗaukarsa ta cuɗanya.

Takardar nan tana da nauyi. Ma'aunin CASPAR na 2006, wanda likitoci ke dogara da shi wajen tantance amosanin gaɓɓai na soriyasis, yana lissafa soriyasis a jikin dangi na kusa cikin hujjoji, ko da fatarka lafiya lau take.

Game da gwajin ƙwayoyin gado, ra'ayina kada ka yi gaggawa. Ƙwayoyin gadon da suka fi tasiri a ciwon nan suna kan kiromosom na 6, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gado a jiki: HLA-C*06:02 ya fi jan ciwon fata da wuri, HLA-B27 kuma, wanda aka gano alaƙarsa da kumburin ƙashin baya a 1973, ya fi zuwa da ciwon ƙugu. Amma akasarin masu ɗauke da B27 har su tsufa ba sa ganin komai, ga kuma masu ciwon da ba su da shi. Ko tagwaye masu kama ɗaya, akan samu ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Bari likita ya nemi gwajin in ya ga dalili.

Gado ba a hannunka yake ba, amma abin da ke tayar da shi da yawa a hannunka yake. Rage ƙiba, bar taba, yi maganin ciwon maƙogwaro da wuri, guji yawan sosa, don sabon tabo kan fito a inda fata ta ji rauni. Ka sanar da likita tarihin nan kafin ya rubuta maka lithium (maganin wasu cututtukan ƙwaƙwalwa), kulorokwin ko wasu magungunan hawan jini.

Idan taurin safe ya wuce minti 30, ko gaɓa ta kumbura, ko ido ya yi ja da zafi, ka nemi likitan gaɓɓai da takardarka a hannu. Jinkirin wata 6 kaɗai na iya barin lahani a gaɓa da magani ba zai mayar ba.