Yadda ake amfani da in, on, at da 'yan uwansu a jimlar Turanci

Ɗalibi a Katsina zai iya haddace manyan kalmomin Turanci rututu, amma in ya zo rubuta wasiƙa a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙananan kalmomi ne ke kayar da shi: in, on, at, to, for, of, by, with. Malaman Turanci na kiran su prepositions. Dalilin wahalar a fili yake. Bahaushe yana cewa a Daura, a tasha, a ranar Juma'a, duk da kalmar "a" guda ɗaya, shi kuwa Turanci ya raba wannan aikin gida uku: in Daura, at the motor park, on Friday. Don haka fassara daga Hausa ba ta fitar da mutum. Abin da ke fitarwa shi ne a koyi kalmar tare da abin da take riƙe da shi, a dunƙule. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ka gane yankin a cikin jimla

Ƙaramar kalmar ba ta zama ita kaɗai, galibi akwai suna ko wakilin suna a bayanta, su biyun suka zama yanki ɗaya: in the class, with my brother, from Funtua. Ka sa yatsa ka rufe yankin, sannan ka karanta abin da ya rage. A jimlar "The bag of onions is heavy", in ka rufe "of onions" sai ka ga "The bag is heavy". Masu rubuta "are" a nan, idonsu ya tsaya ne a kan onions, alhali buhun ake magana. Haka "One of the students is absent". Wannan ɗan gwajin yana ceto maki sosai.

Mataki na biyu: lokaci

Ƙarfe nawa na ɗaukar at: at 8 o'clock, at noon. Rana ko kwanan wata na ɗaukar on: on Monday, on 1st October. Wata, shekara ko yanayi na ɗaukar in: in June, in 1987, in the rainy season. Jihar Katsina, alal misali, "was created in 1987", amma in za ka kawo ranar sai ka ce "on 23rd September 1987", domin da zarar rana ta shigo, on ke karɓar aikin. Shi ya sa ake cewa in the morning amma on Friday morning. Dare ya fita daban: at night.

Idan next, last, this ko every suka zo, ba a sa in, on ko at a gabansu. "I will travel next week", ba "on next week" ba.

Akwai ma'aurata uku da ake yawan rikitawa. Since na tafiya da lokacin da aka fara, for kuma da tsawon lokacin: since 2019, for six years. "Since six years" kuskure ne. By na nufin kada a wuce wannan lokacin, until na nufin abu zai ci gaba har lokacin: "Submit the form by Monday", "The shop is open until ten". On time shi ne daidai lokacin da aka tsayar, in time kuma kafin a makara: "We reached the park in time to get a seat".

Mataki na uku: wuri

Gari, ƙasa ko wurin da ke da ciki: in Katsina, in Nigeria, in the room. Kan abu ko kan titi: on the mat, on the wall, on IBB Way. Wurin da ake haɗuwa ko ake gudanar da wani aiki: at Kofar Soro, at the bank, at school. "Kusugu well is in Daura", amma "We met at Kusugu well".

Abin hawa ma yana da nasa: in a car, amma on a bus, on a motorcycle. In hanyar tafiyar kawai kake faɗi, sai by, kuma babu a ko the: by bus, by air. Tafiyar ƙasa ita ce on foot.

Mataki na huɗu: kalmomin da ke zaɓar abokin tafiyarsu

Nan ne aikin yake, kuma nan babu wata ƙa'ida sai hadda. Wasu aikatau da sifofi ba sa zama sai da wata kalma takamaimai: listen to, wait for, depend on, good at, interested in, afraid of, congratulate someone on. Mai neman gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zai rubuta "I applied to the university for admission": to ga wurin da ya nema, for ga abin da ya nema.

Hausa na jan mutum zuwa wasu kurakurai sanannu. Saboda muna cewa "aure da", sai a rubuta "She is married with a trader". Daidai shi ne married to. "Married with three children" kuwa yana nufin mutum yana da aure da 'ya'ya uku, magana ce daban. Saboda muna cewa "na ara" da "ara mini", sai a ji "Borrow me your pen". Turanci ya raba: borrow from ga mai karɓa, lend to ga mai bayarwa, don haka "Lend me your pen".

Wasu aikatau kuma ba sa son irin wannan ƙaramar kalma a bayansu. "Tattauna a kan" ce ke haifar da "discuss about", alhali "We discussed the matter" ya wadatar. Haka reach Daura, enter the class. Request ta fi rikitarwa: in aikatau ce, "I request your permission", in suna ce, "a request for permission".

Mataki na biyar: duba abin da ya biyo baya

Aikatau da ya biyo irin waɗannan kalmomin yana ɗaukar -ing: before going, without asking, good at cooking. Wanda ya fi kama mutane a wasiƙar ofis shi ne "I look forward to hearing from you". Da yawa suna rubuta "to hear", suna ɗaukar wannan to ɗin irin na "I want to go" ne, alhali ba shi ba ne. Wakilin suna kuma sai me, him, her, us, them: between you and me, for her and him.

Mataki na shida: atisaye

Ka ware littafi guda. Kullum ka ɗauko yankuna biyar daga jarida ko littafin karatu, ka kwafe kowanne da cikakkiyar jimlarsa, kada ka rubuta kalmar ita kaɗai. A ƙarƙashinta ka gina taka jimlar da wurare da abubuwan da ka sani, kasuwa, tasha, gona, sannan ka karanta da ƙarfi sau uku don kunne ya saba. In kana shakka, buɗe ƙamus na masu koyo a kan aikatau ɗin ko sifar, ba a kan ƙaramar kalmar ba, domin a can ake nuna abokin tafiyarta. Ranar Juma'a ka rufe ƙananan kalmomin da takarda ka cike su da ka, wanda ka kuskure ka mayar da shi cikin biyar ɗin mako mai zuwa.