Darasi na 7: Tudu da Kwari a Gona Ɗaya

Ruwan sama ɗaya ke sauka a gona, amma ba ko'ina ƙasa ke shansa daidai ba.

A tudu ruwa ba ya tsayawa. Kafin ƙasa ta sha, ya gangara, ya tafi da ƙasar sama mai taki. Shi ya sa idan ruwa ya ɗauke na kwana 10, masarar tudu ce ke fara naɗe ganye. Inda akwai marmara ko tsakuwa abin ya fi tsanani, don saiwa ba ta samun zurfi.

A kwari kuwa ruwa kwanciya yake yi. A Mayu da Yuni, lokacin da damina ba ta kankama ba, wannan alheri ne. Amma a nan Kaduna ruwan Agusta yana da yawa. Saiwa tana bukatar iska, laka ta hana ta. Sai masara ta yi rawaya, ta daina girma. Wani manomin sai ya ce taki ne bai isa ba, ya ƙara yuriya. Asarar kuɗi ce, ruwan ne zai wanke ta.

To me za a yi? Abu mafi muhimmanci shi ne huɗa. Kunya ta gitta gangare, kada ta bi shi. Kunyar da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa hanya ce aka gina wa ruwa. Gaskiya ne shanun huɗa sun fi wahalar juyawa a wasu gonaki, amma wahalar rana ɗaya ce. A tudu a riƙa tare kwarin kunya da 'yar ƙasa duk bayan taku 2 ko 3, ruwa ya tsaya ya nutse. Idan ya yi yawa a Agusta, a buɗe. Layin gamba ko jema shi ma yana tare ƙasa.

Sannan a ba kowace shuka gurinta: gero, gyaɗa da wake a tudu, masara a tsakiya, shinkafa da gwaza a kwari. Manoman rake na Maƙarfi a fadama suke yinsa.

Aiki: washegarin ruwa mai ƙarfi, ka zaga gonarka. Ka haƙa rami mai zurfin tafin hannu a tudu, a tsakiya, da kwari. Ka dunƙule ƙasar kowanne a hannu. Rubuta wadda ta dunƙulu, da wadda ta wargaje.