Rigakafin shan inna kafin tafiya ƙasar waje: lokaci, nau'i da katin shaida

Mutum mai shekara hamsin kan yi mamaki idan aka ce sai an ɗiga masa rigakafin shan inna, ko an yi masa allura, kafin ya hau jirgi. A saninsa wannan aikin yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Amma dokar matafiya ba ta duba shekaru, kuma dalilinta yana cikin halin cutar kanta. Mafi yawan waɗanda ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu ba sa nuna alamar komai. Kusan mutum 1 cikin 200 ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Mafi yawan sauran suna yawo lafiya lau, ƙwayar tana hayayyafa a hanjinsu, suna fitar da ita a ba-haya har tsawon makonni. Babba mai ƙoshin lafiya zai iya ɗaukarta daga Kano ya sauke ta a Jidda bai sani ba. An ga haka a zahiri: bayan dakatar da rigakafi a wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003, ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma a 2005 binciken ƙwayoyin halitta ya danganta ɓarkewar da aka yi a Yaman da Indunusiya da wadda ta fito daga Najeriya.

A ranar 5 ga Mayu 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana yaɗuwar shan inna tsakanin ƙasashe a matsayin matsalar gaggawa ta duniya. Tun daga lokacin wani kwamiti ke zama kusan duk wata uku yana sabunta jerin ƙasashen da ke da ƙwayar da kuma matakan da za su ɗauka kan matafiya. Saboda haka abu na farko shi ne a duba matsayin ƙasar da za a tashi daga cikinta, da sharaɗin ƙasar da za a je, a shekarar tafiyar, ba abin da wani ya gani bara ba.

Wace ƙasa, wane nau'i

Ƙwayar shan inna nau'i uku ce. Ta daji, wato ta asali, nau'i na 2 an tabbatar da ƙarewarta a 2015, nau'i na 3 kuma a 2019 (an yi mata ganin ƙarshe a jihar Yobe a 2012). Nau'i na 1 ne ya rage, a Pakistan da Afganistan. Najeriya ta ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ba nahiyar Afirka takardar shaidar rabuwa da shi a ranar 25 ga Agusta 2020.

To me ya sa har yanzu ake tambayar ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ko Chadi kati? Saboda akwai wata ƙwayar da ke samo asali daga maganin ɗigo. Ɗigon na ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. Inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma tsaftar ruwa da bayan gida ta yi ƙaranci, ƙwayar mai raunin kan yi ta zagayawa daga yaro zuwa yaro har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta na shanye ƙafa. Nau'i na 2 na irin wannan ne ya fi addabar yankinmu.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu cike kati. Tun Afrilun 2016 aka cire nau'i na 2 daga ɗigon da ake bayarwa yau da kullum. Ɗigon da ake kira bOPV nau'i na 1 da na 3 kawai ke cikinsa. Allurar IPV kuwa, wadda ƙwayarta matacciya ce, ta haɗa duka ukun. Don haka wanda ya fito daga ƙasar da nau'i na 2 ke yawo, allurar ce ta dace da shi. Wanda zai fito daga ƙasa mai nau'i na 1 ko na 3, ɗigo ko allura duk sun yi. Idan da zaɓi, a nemi allurar: ga wanda ya sha ɗigo yana yaro, tana farfaɗo da kariyar hanjinsa sosai.

Lissafin kwanaki

Sharaɗin shi ne a karɓi rigakafin aƙalla mako 4 kafin tafiya, kuma kada ya wuce wata 12. Mako huɗun lokaci ne da jiki ke buƙata ya gina kariya, kuma wanda ya sha ɗigo ya rage fitar da ƙwayar maganin. Wata goma sha biyun kuwa saboda kariyar hanji na raguwa, ko da kariyar jini na nan.

Wanda jirginsa zai sauka 10 ga Mayu, ranar ƙarshe da ya kamata a yi masa ita ce 12 ga Afrilu. Gara a ƙara mako biyu a kai, domin ana iya matso da ranar tashi, musamman a jigilar alhazai. Wanda aka yi wa rigakafi don Umarar azumi, katinsa zai kai shi aikin Hajjin wannan shekarar. Amma wanda aka yi wa mako shida kafin Hajjin bara, idan zai koma bana katinsa ya mutu: shekarar Musulunci kwana 354 ce, a haɗa da kwana 42 na kafin tafiyar bara, an wuce shekara da kusan wata guda. Ma'aikatan hukumomin alhazai da 'yan kasuwa masu zuwa duk shekara su ne wannan ya fi shafa.

Idan tafiyar gaggawa ce, kamar ta jinya ko rasuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a karɓi rigakafin ko da a ranar tashi ne, domin yana da amfani. Sai dai wannan sassaucin ba ya tilasta wa ƙasar da za a je ta karɓa. Saudiyya ta rubuta mako huɗu a sharuɗɗanta na Hajji da Umara, kuma matafiya daga wasu ƙasashe ana sake ɗiga musu a filin jirgi ko da katinsu cikakke ne. Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa neman magani da karatu, ta fara neman shaidar rigakafin shan inna tun 2014 daga matafiyan wasu ƙasashe, har da Najeriya, don haka a tambayi ofishin jakadancinta tun lokacin neman biza.

Akwai kuma batun baƙo. Duk wanda ya zauna a ƙasa mai ƙwayar fiye da mako huɗu, ana ɗaukarsa kamar mazaunin ƙasar. Wanda ya fita da'awa Pakistan na kwana arba'in ko wata huɗu, ko ɗalibi a can, ana iya neman shaidarsa a filin jirgi ranar dawowa. Ya yi rigakafin kafin ya tafi, ya kuma tabbata wata 12 ba za su cika yana can ba.

Inda ake yi da yadda ake yi

A Najeriya ofishin kula da lafiyar matafiya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne ke ba da katin nan mai ruwan ɗorawa. Yana da rassa a manyan filayen jiragen sama, kamar na Malam Aminu Kano da na Abuja da Legas. Ana fara rajista da biyan kuɗi ta intanet, sannan a je da fasfo da shaidar biya. Maniyyata kuwa hukumar alhazai ta jiha kan sanya musu ranar rigakafi, kuma bai kamata a aika wani ya karɓo kati a madadin mai shi ba.

Ɗigo biyu ake yi a baki. Idan mutum ya tofar ko ya yi amai nan take, a sake. Allurar kuma rabin mililita ce, a dantse ga babba, a gefen cinya ga jariri. Ana iya yinta rana ɗaya da ta shawara da ta sanƙarau, kowace a wurinta da sirinjinta. Waɗannan biyun kwana 10 suke buƙata kafin isa, don haka ranar shan inna ce ke ja gaba: wanda ya yi duka ukun mako shida kafin tafiya ya huta.

Mai tafiya yana da damar ganin kwalbar. A jikinta akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba. Idan launinsu ya zo ɗaya ko na cikin ya fi duhu, ba a amfani da shi. Allurar IPV kuma ƙanƙara ke lalata ta, wurinta firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8.

Ba a ba da ɗigo ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai shan maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, haka ma waɗanda suke gida ɗaya da shi. Allura ake yi musu. Wannan ya shafi masu tafiya jinya da 'yan rakiyarsu kai tsaye, kuma sai sun faɗa da bakinsu, don ba kowane jami'i ke tambaya ba. Mai juna biyu ana iya yi mata allurar. Wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan tashi saboda magungunan kashe ƙwayoyin cuta neomycin ko streptomycin ko polymyxin B ya sanar kafin a yi masa allura, domin akwai ɓurɓushinsu a ciki.

Babban da ba a taɓa yi wa rigakafin ba ko sau ɗaya, allura ɗaya za ta cika masa kati amma ba za ta ba shi cikakkiyar kariya ba. Uku yake buƙata: ta biyu bayan wata 1 zuwa 2, ta uku wata 6 zuwa 12 bayan ta biyun. Idan lokaci ya ƙure, ana jera su mako huɗu-huɗu. Jariri ba a yi masa allurar kafin ya cika mako 6.

Abin da ke ɓata kati

Kafin barin ofishin a zauna a karanta katin. Suna da ranar haihuwa su yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a kati, ya isa a tsayar da mutum. A layin rigakafin dole a ga sunan maganin, ranar da aka bayar, kamfanin da ya yi shi da lambar rukunin da ke jikin kwalba, sa hannun jami'in da muƙaminsa, ranar fara aiki da ta ƙarewa, sai hatimin cibiyar. Hatimi ba ya maye gurbin sa hannu. A rubuta wata da haruffa, domin 04/05 a wata ƙasar Afrilu ne, a wata Mayu. Da Turanci ko Faransanci ake cikewa. Gogewa ko gyara ko barin gurbi na iya soke katin baki ɗaya, don haka idan an yi kuskure a nemi sabon layi da sabon sa hannu. Kowane yaro da katinsa, uwa ko uba ne ke sa masa hannu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka katin shawara ya wadatar. Tun 11 ga Yuli 2016 shaidar rigakafin shawara ta zama ta tsawon rai, amma layin shan inna daban yake a cikin katin, kuma shekara ɗaya yake yi.

Sayen kati a hannun ejan ba tare da an yi rigakafin ba, ha'inci ne da ke iya ƙarewa a ƙafar ɗan wani, a can ko a gida bayan an dawo. Katin Najeriya na yanzu yana da lambar da ake dubawa a kwamfuta, wanda babu shi a rajista kuwa ana iya gano shi tun a filin jirgin tashi.

A ɗauki hoton shafin da waya, a ajiye katin tare da fasfo a jakar hannu. Jami'an lafiya na filin jirgi suna tare mutum tun kafin ya kai wurin ɗaukar kaya.